Yatsu Huɗu

A Katangowa, bayan layin masu takalma,
inda ruwan daren jiya bai gama tsanewa ba,
Baba Gwadabe yake zaune
da keken ɗinkin da ya girme ni.
Na miƙa masa laktayin mahaifina
a cikin ledar burodi.

Bai kalli launi ba.
Ya shimfiɗa shi a gwiwa, ya ɗora hannu.
"Yatsu huɗu," ya ce, "har da ɗan ƙari.
Wannan ɗan zamanin da fam ya koma naira ne,
lokacin da kwala take kamar kunnen zomo,
bakin wando yana share titin Marina kyauta.
Da yatsu biyu ne, siriri kamar tsinken tsire,
sai in ce maka kafin yaƙi."

Ya juya bayansa,
ya buɗe shi kamar mai duba haƙoran rago.
Shafin ciki ya yi ruwan ƙasa.
Lambar kamfani ta goge,
harafi uku kawai suka rage.
Ya murza gefen a kusa da kunne:
"Siliki ba ya surutu.
Na roba ne mai ƙara."

Oga Fatai na rumfar gaba ya leƙo,
ya rantse na baya-bayan nan ne,
wai dila guda ya fasa irinsa bara.
Suka yi ta yi, Hausa da Yarabanci,
har mai kunun aya ta gaji ta wuce.

Ni dai abin da na sani,
akawu ne a tashar jirgin ruwan Apapa,
kuma hoto ɗaya ya bari,
ba kwanan wata a bayansa.

Sai Baba ya yi shiru.
Farcensa ya tsaya a kan wani ɗinki,
can wajen da ƙulli yake cinyewa:
zare shuɗi, taku bakwai,
na ƙarshen ya karkace hagu.
"Wannan karkatar tawa ce.
Maigidana a Obalende ya sha dukana a kanta."

Na ce, to ka tuna shi?
Dogo ne, yana da wushirya.

Ya daɗe yana kallon zaren.
"Wuya nawa na auna a garin nan, yaro?
Ɗinkina na gane."

Ya naɗe shi a hankali, daga siririn baki,
ya ƙi karɓar ko sisi,
ya ce in daina ajiye shi a leda.