Mabuɗin Masallaci

Bayan isha'i, a bakin maƙerata ta Ƙofar Wambai,
garwashi bai gama mutuwa ba,
Inuwa tela da Malam Jazuli suka tono tsohuwar gardama:
shi wane ne, kafin a kore shi daga sama?

Inuwa ya ce mala'ika ne.
"In ba haka ba, me ya kai shi sahunsu?
Wa ke kama baƙo da laifin ƙin aiken da aka yi wa 'yan gida?"
Malam Jazuli ya furzar da tuƙar goro:
"Aljani ne, ɗan wuta tun asali.
Mala'ika ba ya saɓo, kamar yadda rijiya ba ta gobara.
Wasu ma sun ce daga ƙasa aka ɗauke shi yana ƙarami,
ya tashi a cikinsu kamar agola,
ya fi 'yan gida sammako, ya fi su tsayuwar dare."

Ni dai ina juya gawayi da awartaki.

Kakata Tabawa Azazilu take ce masa,
ta rage murya, ta yi tofi a hagu.
Ta ce babu taki ɗaya a sammai bakwai
da goshinsa bai taɓa ba.
Ta ce shi ne ma'ajin Aljanna, mabuɗai a ɗamara,
shi ke zama a gaba, mala'iku na biya karatu.
Nakan ce, "Iya, to duk sujadar nan ina ta tafi?"
Sai ta ce, "A tulu mai huji ya zuba.
Ci tuwonka, yana hucewa."

Abin da mutanen nan biyu ba su sani ba,
ko sun sani suka yi min kara,
yau da la'asar aka karɓi mabuɗin masallaci a hannuna.
Shekara talatin da ɗaya.
Ni na ƙera mariƙin ƙofar, ni na sayo kwaɗon,
ni ke buɗewa tun zakaran gidan Baffa bai yi cara ba,
in shimfiɗa tabarmi, in cika butoci, in kori kyanwa.
An ce gwiwata ta gaji.
An ce sau uku a watan nan jama'a sun jira a waje.

Sagiru aka ba, ɗan Tsalha magini,
yaron da ke cuɗa ƙasa da ƙafa,
wanda da wuƙar da na wasa aka yanka ragon sunansa.
Ya durƙusa, ya miƙo hannu biyu,
jar ƙasa maƙale a ƙarƙashin farce.
Na ba shi. Na ce Allah ya taya riƙo.
Amma wata magana ta taso min daga ciki,
ta tokare maƙogwaro kamar ƙayar kifi,
kalma huɗu ce tak,
kuma kowa ya san wanda ya fara faɗarta.

Ban yi magariba a can ba.
Na taka har Yakasai, da gwiwar da aka ce ta gaji,
na bi jam'i a sahun baya, inda ba a san ni ba.

"Kai maƙeri, raba mana gardama," in ji Inuwa.
Na ce ban yi karatun da zan raba ku ba.
Abin da na sani, ƙarfen da ya daɗe a wuta
yakan yi ja har ya ɗauka shi ne wutar.
Suka yi dariya, suka ce na kauce.
Na yayyafa wa garwashin ruwa, ya yi tsaki.

Gobe da asuba zan je in tsaya a ƙofa,
in jira yaron ya zo ya buɗe.
Na san zan riga shi zuwa.
Na san zan ji daɗin na riga shi.
Wannan ɗin ne ya hana ni barci.