Ɗaki Na Huɗu

Garatutina kaf na zuba shi a ƙasa,
bulo kan bulo, har gini ya tsaya.
Shekara talatin da biyar ina cin ƙurar alli,
na ce bari tsufana ya jingina da haya.

Ɗaki shida a Sabuwar Unguwa,
makewayi biyu, rijiya a baya.
A majalisa cewa ake Malam Ilu ya huta.
Wanda bai riƙe makullai ba ina ya san wuya?

Wani lauya a Ƙofar Ƙaura ya buga mani takarda,
shafi biyu cur, sunanta yarjejeniya:
ba kiwon awaki, ba huda bango,
kuɗin shekara a gaba, wuta kowa ya biya.
Na'iya dillali ya ci la'adarsa ya goge baki,
tun ranar ko a hanya ba ya waiwaya.

Obinna mai kayan babur ba ya jiran tuni,
ranar ɗaya ga wata yake sallama da dariya.
Ma'u nas tana biya, amma da tsiwa,
sai ta lissafa mani sokawe da tsagar rariya.
'Yan Poli biyu ne suka sa hannu,
takalma bakwai nake ƙirgawa da safiya.
Lawandi tela kuwa, shi da mita
gaba suke tun bara, ba mai shiryawa sai Mai Iyawa ɗaya.

Sai ɗaki na huɗu.
Tanimu direba, mai jigilar Jibiya.
Injin ya buga, mai mota ya karɓe makulli,
wata tara ke nan rasit ɗina bai ga sunansa ba ko sau ɗaya.
Gobe, jibi, in an yi albashin ƙanena.
Na ji har kunnena ya gaji da ajiya.

Ran Juma'a bayan la'asar na rubuta notis,
wata uku, na sa hannu ban ji kunya ba ko ɗaya.
Na ninke ta huɗu na soka a aljihu,
hadari na haɗowa ta gabas, na kama hanya.

Kafin in kai ruwa ya tsuge.
Na yi sallama, aka ce shigo, da siririyar murya.
Bokiti biyu a tsakar ɗaki, da tukunya, da kwanon sha,
kowanne na amsa ɗigonsa kamar kiɗan ƙwarya.
Katifa an jingine ta da bango.
A kusurwar da ta rage a bushe, ga Rakiya,
littafin lissafi a cinya, leda a kansa,
tana bitar bakwai sau takwas a zuciya.

Tanimu ya miƙe ya ba ni kujerar da ba ta jiƙe ba.
Bai ce kome ba. Ni ma na nemi magana ta ɓuya.
Don na tuna sharaɗi na tara,
wanda idona ke tsallakewa in ina karanta wa 'yan haya:
gyaran rufi yana wuyan mai gida.
Damina uku ina ce masa sai an yi fansho,
gobe, jibi. Ashe bakinmu ɗaya.

Na zaro notis ɗin, na juya bayanta,
na ari fensirin Rakiya:
kwano shida, ƙusa kilo biyu, katako huɗu,
kuɗin kafinta, a tambayi Ɗanjuma in yana da lafiya.

A gida Hajjo ta tare ni tun daga zaure:
ya biya?
Na ce mun dai yi lissafi, kowa na bin kowa.
Ta ce to, lissafi ba ya hawa tukunya,
shinkafa ta ƙare tun jiya.