Turaku Talatin da Shida

Tun da sanyin ƙashi ya murɗe yatsun Ercilia
kibiyoyin saƙa suka yi ritaya a kwalba.
Jikanta Nemesio ya kawo zoben roba,
turaku talatin da shida, da 'yar ƙugiya.

Ta yi hula. Ta ƙara hula.
Sha ɗaya,
har masuntan Dalcahue suka fara sauya hanya
in sun hango jakarta.

Nemesio ya buɗe waya: ga safa, ga rigar kare.
Ta taɓe baki.

Da asuba ta fita da sanda.
Teku ya janye, ya bar tsagi a yashi,
biyu a miƙe, ɗaya a karkace.
Allunan bangon coci
sun hau juna kamar ɓawon kifi.

Ta dawo tana ƙirga a leɓe:
uku gaba, ɗaya baya, tsallake turke.
Sau huɗu tana warwarewa.
A na biyar ulu ya yarda,
da warinsa na tunkiya da hayaƙin murhu.

Mayafi ya fara leƙowa ta ƙasan zobe,
gefe ɗaya ya fi tsawo.
Ta ce a bar shi,
ai haka bakin teku yake.