Mu Huɗu Zuwa Yawuri

Ana sallame asuba muka tada inji,
Birnin Kebbi ba ta gama miƙa ba.
Mu huɗu, babur uku:
Nafi'u da jan nasa mai tarin tsofaffi,
ni da nawa, marar madubin hagu,
Mainasara kuwa ya goyo Haliru,
Haliru ya goyo jakarsa,
jakar ta goyo duk abin da ya mallaka a duniya.

A Kalgo sanyin fadama ya shige mana hannun riga,
shinkafa shar, har inda ido ya gaji.
Ba mai magana, iska ta ƙwace baki.
Sai ƙaho: ɗaya, ina nan;
biyu, ku jira ni.

Jega ta tarbe mu da warin albasa
da wani mai shayi da bai san ƙaramin kofi ba.
Nafi'u ya rantse shi zai biya,
ya lalube aljihu huɗu, ya fito da tsohon fulogi.
Muka yi ta dariya
har mai shayi ya yafe kuɗin burodi.

Bayan Maiyama sarƙa ta tsinke.
Tawa ce.
Ta kwanta a kwalta kamar macijin da mota ta taka.
Rana tsaka, ba gari gaba, ba gari baya,
sai wani makiyayi da ya dube mu, ya dubi shanunsa,
ya ga shanun sun fi mu dabara.
Haliru ya kwance igiyar jakarsa,
ya rungume jakar a ƙirji kamar jinjiri,
aka ɗaure ni a bayan Mainasara
ana ja na kamar akuyar da aka kasa sayarwa.
Ina jin kunya.
Ina kuma jin daɗi, ban faɗa wa kowa ba.

A Koko wani yaro, bai kai sha biyar ba,
ya haɗa sarƙar da guduma da ƙusa da bismilla.
Muka sha mai a kwalba, muka sha ruwa a leda,
sai hadari ya taso daga gabas, baƙi wuluk,
ya kora mu rumfar wani gidan mai da ba a gama ginawa ba.

Nan Haliru ya yi magana, idonsa a kan ruwa:
"Hannun Baba ba ya riƙe filafili yanzu.
Kwalekwalen yana ɗaure tun bara.
In ban je ba, gara za ta gaje shi."
Mun sani tun wata uku,
amma ji daga bakinsa daban ne.
Nafi'u ya tashi yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

La'asar sakaliya muka gangara Yelwa,
wanduna jiƙe, ƙugu ya sage, haƙora cike da yashi.
Ga Kwara, shimfiɗe,
faɗinta ya fi duk ƙaryar da Haliru ya yi mana a makaranta.
Tsohon yana zaune bakin gaɓa.
Bai tashi ba. Ya dai kama hannun ɗansa,
ya daɗe bai saki ba.
Daren nan mun ci ragon ruwa har muka rasa wurin numfashi.

An ce zumunci a ƙafa yake.
Namu a taya yake, da sarƙa mai ƙusa.

Da safe muka juyo, mu uku.
Babur ɗin Mainasara ya yi sakayau,
yana ta taka birkin mutum biyu,
yana matsawa gaba, yana bar wa iska wurin zama.
A kwanar fita gari na danna ƙaho sau ɗaya,
biyu suka amsa.
Na dubi madubina guda: kogi, sai ƙura, sai hanya.

Sai a Jega na lura
igiyar tana nan ɗaure a wuyan babur ɗina.
Ban kwance ba.
Dole wata rana a mayar wa mai ita.