Akayau a Kan Ƙusa

Akayau ɗinka na nan rataye a ƙusa, Baba Cindo,
a shagon gyaran keke na bayan tashar jirgi.
Jiya na taɓa shi da ɗan yatsa,
ya yi ƙara kaɗan, ya yi shiru,
kamar mai tambayar ina mai ƙafar.

Ina ɗan shekara sha ɗaya na kawo maka faci.
Ka dubi tayar, ka dubi sawuna,
ka ce, "Faci ba wuya, yaro,
tafiyarka ce ke son gyara.
Kana taka ƙasa kamar kana bin ta bashi.
Dawo bayan La'asar."

Na dawo.
Gindin dalbejiya, gefen filin Reluwe,
Istifanus na Wusasa da kalangu a hammata,
Lantana na ɗaure gyale a ƙugu,
kai kuwa da baƙin mai a tafin hannu
kana ƙirga mana da yatsunka shida:
biyar na taku, na shidan na tsayawa.
"Tsalle ai kwaɗo ma ya iya.
Wanda ya iya tsayawa shi ya iya rawa."

Shekara uku ban ji yabo a bakinka ba.
Ran da na yi takai ban karya sanda ba,
ban karya yatsan Garbati ba,
sai ka saya min rake gaɓa biyu,
ka ce na yi dama-dama.
Na ci raken har da ɓawonsa.

Ka kai mu Ikko a bayan gingimari,
kwana biyu bisa buhunan albasa.
Muka hau dandali muna warin miya,
muka sauko mutane na tsaye.
Takardar yabon da suka ba ka
gara ta cinye rabinta a bangon shago,
ka ce ita ma ta san abu mai daɗi.

'Yan jami'a sun zo daga Samaru da rakoda,
suna tambayar ma'anar kowane juyi.
Ka ce su ajiye biro su tuɓe takalma.
Biyu sun gudu. Ɗaya ta zauna shekara tara.

An ce maka rawa ba sana'ar dattijo ba ce.
Ba ka taɓa amsawa ba.
Ladan na ɗaga murya ka ɗora hannu a fatar kalangu,
mu bi ka sahu, ƙafafunmu duk ƙura,
butarka ɗaya tana zagaya mu goma sha biyu.

Gwiwar nan ka ɓoye mana ita damina huɗu.
Muna cewa sabon salo ne ka ƙirƙiro,
har Garbati ya koyi ɗingishin
ya kai shi gasa Kaduna.
Ka yi dariya har ka share ido.
Ashe ba duka hawayen ne na dariya ba.

Ranar Talata muka ɗauko ka daga Shika.
Ba kiɗa. Istifanus ya bar kalangu a gida,
ya tsaya bakin maƙabarta da hula a hannu.
Mu shida a ƙarƙashin makara,
ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya kalli wani,
sai na ji kafaɗata ba nauyi,
na duba ƙasa:
ƙafa goma sha biyu, taku ɗaya.
Biyar muka yi, muka tsaya.
Wallahi ba mu shirya ba.

Kai ka ce kar mu daki ƙasa, mu gaishe ta,
ita za ta karɓe mu wata rana.
To ga shi, ta karɓi wanda bai taɓa ɓata mata ba.
Allah ya sa ta yi maka taushi
yadda ka yi mata shekara hamsin.

Gobe Asabar, yara za su zo filin.
Akwai wata ƙarama, Uwani, mai gaggawar ƙafa.
Yatsuna biyar ne, Baba.
Ban san da me zan nuna mata tsayawa ba.