Daren da Muka Fasa Asusu

An ɗauke wuta a Unguwar Sanusi,
na jingina fitilar waya a jikin buta.
Sallau ya ɗauko taɓarya,
ya yi bisimilla, ya doki asusun laka.
Wata goma sha ɗaya ina ba shi a baki,
yau ya amayar da abin da ya ci a kan tabarma.

Ga 'yan ɗari biyar-biyar masu warin magani,
ladan kwanan zaune a ɗakin haihuwa.
Ga 'yan dubu-dubu da baƙin mai a gefensu,
daga rumfarsa ta Panteka.
Ga wata hamsin a ƙudundune,
ta Fa'iz ce, ran da ya haƙura da alewa.

"Dubai," in ji Nusaiba,
tun ba a kai rabin ƙirga ba.
"Zinatu 'yar ajinmu ta je.
Ta ce akwai bene mai tsaga gajimare,
ta ce ruwa na rawa in an sa masa kiɗa."
Idonta ya fi fitilar haske,
ni kuwa yawun bakina ya kafe.

Dubu ɗari huɗu da sittin,
har da hamsin ɗin auta.
Sallau ya kira abokinsa ɗan canji,
ya saurara, ya ce to, ya sake cewa to,
ya aje wayar a hankali kamar ƙwai.
Tulin da ya cika mana tabarma,
in an juya shi dala,
takarda uku ce, ba ta ko tokare aljihu.
Mu biyar ne. Fasfo biyar, biza biyar,
kujera biyar a cikin sama,
ga kuɗin makaranta na leƙo mu ta taga.

Mu'azzam ya ɗaga hannu kamar a aji:
"Ai Maraɗi ma ƙasar waje ce,
a buga mana hatimi mu dawo."
Uban ya yi dariya har da tari.
Nusaiba ba ta yi ba.
Ta juya wa fitila baya,
tana tsinkar zaren tabarma ɗaya-ɗaya.

Na so in ce mata daidai ruwa daidai tsaki,
sai na tuna ni ma an faɗa mini,
kuma bai taɓa sanyaya mini rai ba.
Sai na ce, "Lokacin da nake koyon jinya a Kafanchan,
akwai inda kogi ke faɗowa daga dutse,
Matsirga sunansa.
Ba a sa masa kiɗa, shi ke yin nasa.
In kin tsaya kusa, ba kya jin muryarki."

Asabar muka shiga mota a garejin Talbijin,
da kular dambu, da zoɓo mai ƙanƙara,
da Fa'iz a cinyata yana ƙirga shanu.
Bayan Kachiya ƙasa ta fara kumbura,
duwatsu suka sa hular hazo,
wata mata ta sayar mana da citta ɗanya,
ta ƙara mana gyara don Mu'azzam ya gaishe ta.

Da muka isa, feshin ya jiƙa mana fuska.
Sallau ya naɗe wando kamar yaro.
Fa'iz ya ƙanƙame ni, ya yi ihu a kunnena:
"Mama, nan ne Dubai?"
Na dubi Nusaiba.
Ta daɗe tana kallon ruwan,
mayafinta ya manne mata a kafaɗa,
sannan ta ce, "A'a. Amma tsaya in ɗauke ka hoto."

Mun dawo da saura dubu casa'in,
da ƙaiƙayin sauro, da takalmi wari ɗaya.
Litinin na ga sabon asusu a bayan ƙofa,
an rubuta masa Dubai da jan farce.
Ban ce komai ba.
Na laluba jakar aiki,
na ba shi lomar farko.