Garken Cikin Waya

Shekara talatin da ɗaya ina shaƙar siminti a Ashaka.
Ran sallama suka ba ni agogon bango
da kuɗin da ban taɓa gani a dunƙule ba.
Na koma Bajoga na kwanta a kansu kamar kaza,
ban ƙyanƙyashe komai ba.
Buhun masara ya tsallake ni ina tsaye a kasuwa.
Kuɗina na nan cif a banki,
amma sun rame.

Njidda direba ya fara kawo labari:
wani bene mai gilashi a Gombe,
ka zuba ɗari, wata uku ka kwashi ɗari biyu.
Na zuba.
Yau katifa ake sayarwa a benen.
Ni da Njidda muna gaisawa, ba ma tada zancen.

Sai autata Maijidda ta zo hutu,
ta zauna bakin tabarma da waya a hannu.
"Baba, asusun haɗaka ne.
Mutum dubu su tara, masana su juya,
a cire musu ladan kiwo, saura naku."
Na ce, "Wa ke kiwon makiyayin?"
Ta ce, "Da Njidda ka yi wa wannan tambayar!"
Ta nuna min rajistarsu da hukuma.
Na ce, "Ruwa fa?"
Ta ce, "Akwai wanda ba ruwansa da ruwa."
Duk da haka sai da na kai wa liman takardun,
ya ɗaura tabarau, ya kwana biyu da su.

A daren ne Ardo Barkindo ya faɗo min a rai.
Mahaifina bai taɓa tara shanunsa a ruga ɗaya ba:
goma a bakin Gongola wajen Nafaɗa,
bakwai a Dukku,
karsana uku hannun surukin da ba sa ko shiri.
Shekarar da ciwo ya share na Dukku,
na bakin kogi suka riƙe gidan.
Ashe karatun nan tun ina tsirara aka biya min,
ni ne ban riƙe ba.

Na raba.
Kaso mai tsoka ga sukuk, tsohon takarkari,
ba ya gudu, ba ya ɓata hanya.
Kaɗan ga hannun jari, ɗan maraƙi mai tsalle.
Wani na ajiye kusa, saboda asibiti ba ya jiran wata.
Na kuma sayi tumaki biyu,
don ido ma yana da hakki.

Wata na huɗu lambobi suka yi ja.
Tuwo ya ƙi wucewa.
Ƙarfe ɗaya na dare na kira ta: "A sayar!"
Ta ce, cikin magagi,
"Ardo yana kai sa kasuwa a bazara,
lokacin da ake ƙirga haƙarƙarinsa?"
Na kashe wayar ba sallama.
Ban sayar ba.

Maraƙin har yanzu bai gama murmurewa ba,
ba zan yi ƙarya ba.
Na dai daina leƙa shi kafin asuba.
Farkon wata nake buɗe littafi mai jan bango,
in rubuta abin da ya shigo, da ladan da aka yanka,
in wani ya yi ƙiba fiye da kima in rage masa.

Dudu, uwar ɗakina, tana min tsiya:
"Garke ba nono, ba taki, ba ko kuka!"
Ban tanka ba.
Ribar farko da ta sauka
kwano bandir ɗaya na saya, na rufe ɗakin girkinta.
Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Tana tuƙa tuwo, kanta a bushe,
na leƙa na ce, "Kin ji kukansu?"